Hoton Telan Madurai da Aka Ɗauke Daga Akwatina

Zuwa ga Shugaban Ɗaliban Ƙasarmu a Madina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan Ustaz yana lafiya, na rubuto a fili ne domin na gaji da amsar bayan fage.

Na farko. Ranar Asabar, ina wajen darasi, mutum biyu daga kwamitinka suka shiga ɗakina a unguwar Ranuna suka ɗauke wani hoto, wai an tsegunta musu ina ajiye gumaka. Hoton yana cikin akwati, akwatin yana ƙarƙashin gado. Duk wanda ya kai tsegumin nan ya taɓa buɗe kayana a ɓoye, kuma ina son sanin ko wane ne.

Na biyu. Hoton ba nawa ba ne, amana ce. Na Abdulƙadir ne, telan nan mutumin Indiya da ke ɗinka mana jallabiya. Ya ba ni ajiya da zai tafi umara. Garinsu Madurai tsohon birni ne a ƙasar Tamil, titunansa duk sun kewaye wani babban ɗakin bautar Hindu. Daura da shi akwai rumfar dutse mai sassaƙaƙƙun ginshiƙai, inda teloli suka daɗe suna kafa kekunansu. A nan mahaifinsa ya yi ɗinki har ya rasu, lokacin salla na yi ya rufe keke ya nufi masallaci. Hoton mahaifin ne a rumfar. Mutanenka sun ƙura wa siffofin da aka sassaƙa a jikin ginshiƙi ido, ba su ga dattijo mai farar hula a gindinsa ba. Ni ma sassaƙen bai burge ni ba. Amma tsohon nan ba shi da wani hoto sai wannan.

Na uku. Sau uku ina tambaya. Magatakarda ya ce yana wajenka. Kai ka ce an kai wa wani malami ya duba, ka ƙi faɗin sunansa. Jiya kuma ɗaya daga cikin biyun da suka shiga ɗakina ya hango ni a harami ya sauya hanya. Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Abdulƙadir zai sauka a Bi'ir Ali, bakin garin Madina, ranar Alhamis. Ina roƙon a dawo da hoton kafin nan. In kuwa an riga an ƙona shi, Ustaz, ka zo mu tarbe shi tare ka faɗa masa da bakinka, don ni ba zan iya ba.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka sauke nauyin da ke wuyanka lafiya.

Wassalam.

Ɗan'uwanka,
Ɗalibi mazaunin Ranuna