Hoton da Ke Bangon Ɗakin Inna

Matameye, Jihar Damagaram,
ƙarshen watan Oktoba.

Zuwa ga ƙanena Bilya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da so da kewa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da natsuwar zuciya, Ya buɗa maka karatu, Ya tsare ka daga sanyin Ingila da duk abin da ba alheri ba a cikinta. Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. An gama yankan gero. Bana gonar marigayi Baba ta hanyar Dungu ta fi bara kyau, Kawu Illa ya cika rumbu har ya rasa inda zai sa sauran dammunan, kullum sai ya yi faɗa da awakin maƙwabta. Wake ne kawai tsutsa ta taɓa. Maigidana Baban Ilham yana nan yana zirga-zirgarsa tsakanin nan da Ɗan Barto, Ilham kuma ta shiga aji uku, tana karanta Faransanci da iyayi irin naka na dā. Ni ma mun koma makaranta, an ƙara mini aji guda, muryata har ta fara dushewa.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna a zamanin da kowa ke danna waya ya yi magana. Dalili shi ne Inna. Ka san duk sanda ka kira sai ta sa an buɗe murya an ajiye mata wayar a cinya, kuma ko raɗa na yi sai ta tambayi abin da na ce. Idonta ne ya yi rauni, kunnenta yana nan garau. Maganar da ke raina kuwa ba ta gabanta ba ce, shi ya sa na zauna a ɗakin malamai bayan an tashi na rubuta, zan ɗauki hoton takardun in tura maka. Amma bari in fara da albishir. Mun kai ta Damagaram, likitan ido ya duba, ya ce yanar ido ce kawai ta rufe mata gani, jijiyar lafiyarta ƙalau. Cikin watan gobe za a yi mata aiki, kuma ya ce in Allah Ya yarda za ta koma gani har ta iya zura zare a allura. Tun da muka dawo take murna kamar yarinyar da aka ɗinka wa kayan Sallah.

To, ka tuna hoton da ka turo kafin damina, wanda kuke tsaye a dogon ɗaki mai bangon katako, kowa da baƙar kwat mai koren wuya? Ka rubuta a ƙasa cewa wata tsohuwar ƙungiya ta jami'arku ta karɓe ka, ƙungiyar da ba kowa ake ɗauka ba, kuma kakannin 'ya'yanta ne suka kafa ta. Ba ka san abin da wannan hoto ya zama a gidanmu ba, don ba mu faɗa maka duka ba. Mu nan da muka ji an ce ƙungiya a jami'a, mai tsohon tarihi, mai zaɓen mutane, sai muka ɗauka majalisar masu ilimi ce, irin zauren da manyan malamai ke zama su jawo ɗalibin da ya yi fice. Kawu Illa ya kai hoton wurin Ummaru mai hoto, aka wanke shi babba, aka sa masa gilashi, aka rataye a ɗakin Inna. Ranar Juma'a Inna ta sa aka soya wainar masa aka raba sadaka a ƙofar masallaci. Liman ya yi maka addu'a, ya haɗa da abokan naka gaba ɗaya. Kwalaben da ke jere a kan teburin da ke gabanku a hoton kuwa, mata suka ce ai irin lemon inabin nan ne da ake buɗewa a bikin 'yan kasuwar Damagaram, wanda murfinsa ke tashi sama yara su yi ihu. Ba wanda ya kawo wani abu a ransa. Inna ma har yau “malaman Bilya” take kiransu. Kullum bayan sallar walha sai ta miƙe ta lalubi bangon, ta ce in ɗora mata yatsa a kan fuskarka, har wurin ya yi tabo a jikin gilashin.

Ranar Asabar da ta wuce, da rana, wuta ta dawo ina guga, sai na kunna tele don ta ɗebe mini kewa. Na tarar an fara wani fim na Turawa da aka juya zuwa Faransanci. Niyyata in canza tasha, sai na ga yara maza cikin baƙaƙen kwat masu launi a wuya suna hawa bene, hannuna ya tsaya. Labarin wani yaro ne ɗan talakawa, uwarsa wanki da guga take yi wa mutane, ƙwaƙwalwarsa ta kai shi babbar jami'a. A can akwai ƙungiyar 'ya'yan manya, waɗanda ba abin da ya haɗa su sai sunan gida da giya. Suna da wani babban kofi na azurfa da aka zana sunayen iyayensu da kakanninsu a jiki, a cika shi a zagaya da shi har kowa ya fita hayyacinsa. Duk shekara sukan jawo yaro ɗaya mai ƙoƙari wanda ba ɗan kowa ba, su ara masa kwat, su zaunar da shi a ƙarshen tebur. Wannan yaron ba ya sha, ya yi wa uwarsa alkawari. Sai suka ce ai hakan ma ya fi, shi zai riƙa riƙe musu wayoyi da makullai, ya kai kowa makwancinsa. Ka ga yadda fuskarsa ta cika da murna ranar da suka fara kiran sunansa, Bilya, sai da tausayinsa ya kama ni.

Wata rana bayan sun sha sun yi tatul, suka kama tsohon maigadin makarantar, mutumin da ya buɗe wa iyayensu ƙofa tun suna ɗalibai, suka ɗaga shi da kujerarsa suna waƙa, suka jefa shi kogi cikin tsananin sanyi. Wasa ne a wurinsu. Yaron nan ne ya shiga ruwa ya jawo shi, amma tsohon bai kwana biyu ba ya cika. Da aka zo bincike, iyaye suka iso cikin manyan motoci da lauyoyinsu, kowane yaro ya ce shi a buge yake, bai tuna komai ba. Mutum ɗaya ne a wurin da hankalinsa, don haka shi kaɗai aka iya tambaya me ya sa bai hana ba. Ya faɗi gaskiya, suka haɗa baki suka ce shi ya kawo shawarar. Aka kore shi, aka yanke masa tallafin karatu. Sauran aka yi musu faɗa a ofis da shayi a gabansu. A ƙarshe an nuna su bayan shekaru, wannan minista, wancan alƙali, ga 'ya'yansu suna hawa benen nan da irin kwat ɗin. Shi kuwa an nuna shi ranar da ya koma gida da akwatinsa, uwar ta buɗe ƙofa da dutsen guga a hannu, ta tsaya tana dubansa. Ni ma nawa dutsen yana hannuna, ban ankara ba har na ƙona wa Baban Ilham hannun riga.

Na tashi na shiga ɗakin Inna, tana barcin rana, na tsaya gaban hoton nan na dube shi kamar ranar na fara ganinsa. Na ga kofin azurfa a tsakiyar tebur. Na ga idanun abokanka, da yadda ɗaya ya rataya a kafaɗar ɗaya. Na ga kai kana can ƙarshe, rabin kafaɗarka ma ba ta shiga ba. Hannun kwat ɗin ya rufe maka har yatsu, kuma ni da na yi ta rage maka kayan makaranta tun kana firamare na san rigar aro in na gan ta. A hannunka na dama kuma akwai makullin mota. Sai na tuna saƙon muryar da ka turo mini kwanaki, kana dariya kana cewa kada in damu da yawan fitarka, kai ba ka taɓa abin da suke taɓawa, kai ne ma kake tuƙa su gida, shi ya sa suke ji da kai. A lokacin na ɗauka shayi da hira kake nufi da irin abincinsu da ba ya halatta gare mu. Na zauna a bakin gadonta na yi kuka a hankali don kada ta farka.

Ban ce kana sha ba. Na yarda da kai, kuma ko duniya za ta taru ta ce ka sha, sai na ji daga bakinka. Na kuma san fim shiri ne, ba a yanke wa mutum hukunci da shi, wataƙila abokanka ba su kai waɗancan mugunta ba. Amma ni tsoron da nake ji ba na kofin ba ne kaɗai. Kai fa ɗan Matameye ne mai takardar zama ta shekara-shekara. In wani abu ya faru a motar nan ko a ɗakin nan, Allah Ya kiyaye, su akwai waɗanda za su ɗaga waya a kansu kafin gari ya waye. Kai wa za ka kira? Kawu Illa, ya bar awaki ya zo da sandarsa? Na san abin da ya ja ka, kada ka ga kamar ban sani ba. Tun kana lise, babbar sakandare ta Damagaram, kake dawowa da ɓacin rai in 'ya'yan alhazai sun tafi yawo a mota ba su kira ka ba, kana cewa wata rana da su za ka zauna. Ga shi ka zauna da waɗanda suka fi su nesa ba kusa ba, kuma na san kaɗaici a ƙasar mutane ba wasa ba ne. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah, a cikinsu wa ya taɓa tambayarka sunan garinku har ya riƙe, kuma in ka ce yau ba za ka tuƙa ba, mako mai zuwa za su neme ka?

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Da muke dawowa daga wurin likita, a cikin mota, wata mata ta tambayi Inna me take so ta fara gani in an buɗe mata ido. Na zaci za ta ce Alƙur'aninta, ko fuskar Ilham da ba ta gani sosai ba tun tana goye. Sai ta ce hoton autanta cikin malamansa. Ta maimaita wa Kawu Illa, ta maimaita wa liman, ba wanda bai ji ba a unguwa. Kuma ka san Inna ba matan unguwa ba ce da za a ce mata lemo ne. Shekarun da ta yi tana sayar da tuwo a tashar mota ba abin da ba ta gani ba, ta san idon wanda ya sha tun daga nesa. Kallo ɗaya za ta yi wa hoton nan ta gane komai.

Na yi tunanin in sauke shi in ce ya faɗi ya fashe. Ummaru ma zai iya goge kwalaben da na'urarsa cikin ɗan lokaci. Amma ba zan yi ba, Bilya. Ban taɓa yi mata ƙarya a kanka ba, ba kuma zan fara a ranar da Allah Ya mayar mata da ganinta ba. Ban faɗa wa kowa ba, ko Baban Ilham bai san dalilin ƙonewar rigarsa ba. Abin da nake roƙonka, don girman Allah da darajar Baba da ke kwance, ka mayar musu da kwat ɗinsu da makullinsu. Sannan ka kira ta kafin ranar aikin, ka faɗa mata da bakinka ko su wane ne, ka ce ka baro su. Za ta yi fushi, za ta yi kuka, wataƙila ta yi mako ba ta amsa wayarka ba. Amma ta ji daga gare ka ya fi ta gani da idon da ta yi shekaru tana jira. In ka yi haka, ka turo wani hoton, ko a ɗakin karatu, ko a bakin titi da tsohuwar rigar sanyinka, ni da kaina zan kai wa Ummaru.

Kawu Illa yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka ko Turawa na cin kilishi, don Inna ta sa shi ya saya wa shugaban ƙungiyarku na godiya, tare da hula, suna nan a ƙulle ana jiran mai tafiya. Baban Ilham yana gaishe ka da kyau. Ilham ta ce kada ka manta da littafin da ka yi mata alkawari. Gwaggo Jannatu ta Ɗan Barto da yaranta duk suna miƙo gaisuwa. Inna kuma tana sa maka albarka safe da yamma, ta ce ka gaida mata malamanka ɗaya bayan ɗaya, ka ce musu wata tsohuwa a Matameye tana yi musu addu'a saboda sun riƙe mata maraya. Jiya ta miƙo mini gefen zanenta, ta ce in goge gilashin hoton sosai, kada tabon yatsanta ya kare mata fuskarka ranar da za ta gani. Na goge shi, Bilya, ya fita tas.

Allah Ya tsare mana kai, Ya dawo da kai gida da mutuncinka. Ina sauraron wayarka.

Yayarka mai ƙaunarka,
Aziza.