Kaset Arba'in da Ɗaya na Baba

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Na gama zuba kaset-kaset ɗin marigayi Baba Sambo a tsohuwar kwamfutata. Arba'in da ɗaya, duk waƙoƙin da yake yi yana gyaran koma a bakin kogi. Inna tana asibitin Sakkwato, ƙanwata Mashkura ke jinyarta. Waƙa ɗaya take nema, wadda ya yi ranar da ya ƙetaro da ita amarya cikin kwalekwale. Ba ta san a wane kaset take ba. Wayar Mashkura ba fili. Sai dai in buɗe mata fot a rauta, na'urar intanet ta gidana, wato hanyar da wayarta za ta shigo kwamfutata daga can, su riƙa saurara har su dace.

Talata, 8 ga Oktoba

A cikin gida haɗin yana yi sarai. Ina fita bakin kasuwar Lolo, shiru.

Mashkura ta ce, "Yaya, ka kira ni mana, ka aza waya bakin sifika."

Na ce a'a. Ni da nake koyar da kwamfuta a sakandare, in bar Inna ta ji muryar Baba cikin shuuu? Gobe zan gama.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na sake lambar fot, na kashe, na kunna. Banza.

Asabar, 12 ga Oktoba

Haliru mai gyaran waya ya leƙa ya yi ta dariya. "Malam, rautar taka ta tahi Benin ba fasfo!" Ashe in sabis ɗinmu ya yi rauni sai sim ɗin ya kama na tsallake, adireshin rautar a intanet ya canza. Shekara nawa muna zagin wannan abu a wayoyinmu, amma ban tuna ba. Na ɗaure shi a kan namu. Har yanzu bai yi ba. Haliru ya ce kamfani adireshi ɗaya yake raba wa ɗaruruwan mutane, sai an bi ta wata manhaja.

Lahadi, 13 ga Oktoba

An ba Inna waya. Muryarta ta sirance. "Bunyaminu, ka samo ta?" Na ce saura kaɗan. "To, Allah shi yi ma albarka. Kak ka wahal da kanka."

Na ji kunya. Duk da haka ban kunna mata komai ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Haɗin ya yi da hantsi. Na kira Mashkura ina murna, na ji kuka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Waƙar tana kaset na uku. Baba har sunan Inna ya ambata, Dela. Da na ji maganar Mashkura ran Talata, kafin la'asar da mun kai gare ta. Ban gaya wa kowa ba. 

Juma'a, 25 ga Oktoba

Mashkura ta koma ɗakinta a Zagga. Ta kira bayan masallaci, wai manhajar ta sake tsayawa, in duba mata rauta.

Ban duba ba. Na ce ta tsaya kan layi, na aza waya bakin sifika, na kunna waƙar kaset na uku. Da ta ƙare na tambaye ta ko akwai shuuu.

Ta ce, "Akwai. Maido ta hwarko."