Hantsin da Na Hana Ki Sha

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan kina cikin rahamar Allah, na zo miki da maganar da ta hana ni sukuni tun da na dawo daga asibiti a Maradi.

Autarki Mariyama ce ba lafiya. Ciwon dajin da ya kama ki a nono, shi ya kama ta. Tana shan magani, amma ƙasusuwanta na ciwo, ƙafafunta sun ƙi ɗaukar ta. Da aka auna jininta, likita ya ce tana da ƙarancin bitamin D, abin da ke ƙarfafa ƙashi, wanda jiki ke samu idan rana ta taɓa fata. Wai masu wannan ciwo sukan rasa shi saboda zaman ɗaka da rashin cin abinci. Ya ba ta ƙwayoyi, ya ce kuma a riƙa fito da ita ta sha hantsi. Inna, nan take kika faɗo mini a rai.

Kin tuna shekarar farin nan da kika kwanta a Gazawa? Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, rijiyar unguwa ta ƙafe, shanun Baba suka mutu ɗaya bayan ɗaya. A lokacin babu abin da muka tsana kamar rana. Ta cinye gona, ta cinye garke, na rantse ke kam ba za ta taɓa ki ba.

Ni da hannuna na toshe tagar ɗakinki da tsumma, na saki asabari a ƙofa. Wata bakwai kina cikin duhu. Masu zuwa dubiya suna ta yaba mini, wai na iya jinya, ni kuwa kaina sai kumbura yake.

Kullum da safe kina cewa, "Ke Rabi, hidda ni waje in sha hantsi, sanyi ya shige mini ƙashi." Sai in ƙara miki bargo.

Wata rana na dawo daga neman ruwa, na tarar kin ja jiki har bakin ƙofa, kin miƙa ƙafa ɗaya cikin ɗan hasken da ya shigo ta ƙarƙashin asabari. Faɗa na yi miki, Inna. Na ɗauke ki cak na mayar ciki, ko nauyi ba ki da shi.

Na tambayi likitan ko hantsi zai cece ki a lokacin. Ya ce a'a, rana ba ta warkar da daji, sai dai wataƙila ƙasusuwanki su sami sauƙi. Ko da ba su samu ba, abin da ke cin raina shi ne, a shekarar da ba mu da komai, abu ɗaya kika roƙa, kuma shi kaɗai muke da shi har ya yi yawa.

Yau da safe na shimfiɗa wa Mariyama tabarma a gindin danga. Ta miƙe ƙafa, ta lumshe ido, sak ke. Na zauna kusa da ita.

Ki yafe mini, Innata. Allah ya ba Mariyama lafiya, ya yalwata kabarinki, ya cika shi da hasken da na tare miki. Amin.

Ƴarki mai taurin kai,
Rabi