Keken Mahamman Mai Ruwa

Bismillahi. Ni Mainassara, mai gyaran keke a bakin kasuwar Dakoro, ƙafafuna sun kumbura amma kaina garau yake. 'Ya'yana Harisu, Zakiru, Dela, ku saurara.

Na ɗaya. Gida da gonar hanyar Kornaka, liman ya raba yadda Allah ya ce. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Na biyu. Dela, radiyona naki ne. Ke kaɗai ba ki taɓa ce mini in rage murya ba.

Na uku. Makullin nan mai haƙora, na kwance cibiyar feda, inda ƙarafan takawa ke juyawa, na ba Zakiru tun da raina. Dogon bututun ƙarfen da ake zura wa makullin don ƙarin ƙarfi, na Harisu ne. Na san za ku ce tsoho ya ruɗe. Ban ruɗe ba.

Da muna yara, cibiya buɗe ta ake yi, a wanke, a cika giris. Ta yanzu rufaffiya ce. In ta fara ƙara ko girgiɗi, fitar da ita ake yi a sa sabuwa. Fara da gefen hagu. Gefen sarƙa kuwa a baibai yake kwancewa. Ka miƙe makulli sama, ka tura shi wajen ƙafar gaba, kowane gefe. Kafin ka ɗaura sabuwa shafa giris, rairayin garin nan ba ya da imani.

Harisu, ka ɗauki guduma ka kashe keken mutane, haka ne. Zakiru, ka yi masa dariya gaban 'yan kasuwa, wannan ta fi gudumar muni. Tun ranar kuna rumfa biyu, ba gaisuwa. Wallahi abin yana cina fiye da ciwon nan.

Na huɗu, kuma wannan ba ya jiran mutuwata. Keken Mahamman, mai kawo mana ruwa daga pampo, yana rataye a rumfata. Cibiyarsa ta kafe da tsatsa. Na yi ta ɗiga mata gazuwal, man dizal, har ciwo ya kwantar da ni, yanzu ta jiƙa. Sabuwar na cikin gwangwanin madara. Mutum ɗaya ba ya fitar da ita: ɗaya ya danne makulli kar ya zame ya cinye haƙora, ɗaya ya hau bututu. Ba sai kun yi hira ba.

Mahamman sa'ana ne. Tun da keken ya tsaya, a kafaɗa yake ɗauko bido, jarkunan ruwan nan, yana tafe yana hutawa, kuma kunya ta hana shi tambaya.

Allah ya yi muku albarka, ya sa ku ci a kwano ɗaya bayana, ku riƙe Innarku da Dela. Gobe da hantsi ku tafi rumfata ku biyu. Ruwan da za a yi mini wanka Mahamman ne zai kawo shi, kuma ba na so ya ɗauko shi a kafaɗa.