Inuwata a Bidiyon Tazrouk

Zuwa ga Yaya Gwamma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Yaya Baba da fama da gona? Allah ya ƙara masu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya. Ni ma ƙalau nake a nan ƙasar waje, a unguwar Gataa El Oued, sai kewar gida.

Yaya, abin da na gani ranar Alhamis da safe ne ya sa na nemi biro da takarda. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda na tsaya a karatun lekkol. Tun da na bar ɗaukar bulo nake bin wasu samari huɗu masu kiɗan gita ta lantarki. Shugabansu Mahamane ne, Ba'abzinen Agadez, yana jin Hausa kamar ni da ke. Ba su da kamfani, ba su da ubangida. Duk inda aka kira su wasa ni ke riƙe waya in ɗauka, in yanko wurin da ya fi daɗi, mu sa a TikTok don wasu su gani su kira su. Na ji abin da Tahiru ɗan Kawu ya faɗa da ya koma gida, wai ya duba bidiyon kaf bai ga ko kunnena ba, wai yawon banza nake yi. Na ji kuma Baba ya ce hoton da na aiko ba shaida ba ne, kowa na iya jingina da motar wani. Tun azumi bai ƙara karɓar waya ba in dai ni ne. Wannan shi ke hana ni jin daɗin abinci. Tahiru bai yi ƙarya ba da ya ce bai gan ni ba. Mai ɗauka a bayan waya yake tsayawa, kuma Mahamane ya hana ni nuna fuska tunda ba ni da takardun zama, ya ce jandarma ma suna kallon waya.

To, ranar an kira mu suna a Tazrouk, wani gari cikin duwatsu mai lambuna da awaki. Rana na fitowa aka jona lasifika da batirin mota, mata suka zauna gefe guda, maza gefe guda, aka fara. Na tsaya rana tana bayana, haka ake yi don haske ya faɗa a fuskar masu wasa. Sai dai mun saba wasan la'asar cikin rumfa, na manta ranar safe a ƙasa take. Ina duba fuskar wayar sai ga inuwata kwance a kan yashi, doguwa, daga ƙafata har takalmin Mahamane, hannu biyu a sama, kafaɗar hagun nan a sauke, wadda na karya da na faɗo daga jakin Kawu. Kafin in matsa sai ga wata tsohuwa, kakar jaririn, ta taho da kwanon nono. Ta zo bakin inuwar ta tsaya. Ta dubi ƙasa, ta dube ni, sannan ta zagaye ta can ta gefe, ba ta taka ba. Shekara biyu ina koyon riƙe waya ba rawar hannu, ranar hannun bai ba ni kunya ba, ido ne ya cika.

Da aka tashi ta miƙo mini nonon, ta ce da Mahamane ya gaya mini ba a taka baƙo. Ta kuma ce ya tambaye ni ɗan waye. Yaya, tun zuwana ƙasar nan ana tambayata takarda, ana tambayata cajin waya ya cika ko bai cika ba, amma ba wanda ya taɓa tambayata ɗan waye. Na faɗi sunan Baba da ƙarfi, har da sunan garinmu, ko da yake ba ta san shi ba.

Da muka dawo Mahamane ya ce a yanke wurin, ɓarnar aiki ce. Zakariya'u mai ganga ya yi ta dariya, wai inuwar ta fi mai ita kyau, a bar ta a kore ni. Ban taɓa roƙon su komai ba, amma wannan na roƙa. Mahamane ya gyara amawalinsa, ya ce a bari, ai jandarma ba sa kama inuwa. Haka aka sa shi. Mutane sun yaba kiɗan, ba wanda ya tanka kan inuwar, ni kuwa ba don su na bar ta ba.

Roƙona gare ki, ki kai wa Baba bidiyon bayan la'asar in ya zauna. Ki riƙe wayar da kanki, ki tsayar daidai inda tsohuwar ta tsaya, kada ki ce komai. Shi ya saɓa ni zuwa wurin mai ɗori, ya fi kowa sanin kafaɗar nan. In ya gane ta, ki sanar da ni, zan kira ranar Juma'a, ko gaisuwa kaɗai ya amsa ta ishe ni.

Ki gaishe da Inna da kyau, da Barira, da Khamisu, da Nana Aisha ƙarama. Ki gaishe da Tahiru ma, ban riƙe shi ba.

In kuma Baba ya ce inuwa ba ta shaida, to ga waɗanda suke wurin: Mahamane, da Zakariya'u mai ganga, da direban da ya kai mu, Sharifu mutumin Tanout, wanda zai kawo miki wannan takarda hannu da hannu, ana iya tambayarsa. Sai tsohuwar, wadda ban san sunanta ba, amma ita ta san na Baba.

Ƙaninki,
Tasi'u