Rantsuwar Matan Cocinmu

Georgia, Amurka, ƙarshen Oktoba 1868

Zuwa ga Ansel, zumar bakina, inuwata a tsakiyar gonar auduga, ruwan farko bayan dogon fari, kuma sarkin masu taurin kai na jihar nan kaf!

Ina gaisuwa, ranka ya daɗe, mai sabon gida. Yaya sauro? Yaya maƙwabtanka kadoji? Na ji ka tare a tsakiyar fadama, ba haya, ba mai gida, ba mai tashinka aiki. Ai ka ga 'yancin da ake faɗa ke nan! Baba Prince ne zai kawo maka takardar nan da burodin masara da gasasshen dankali, shi kuma zai karanta maka, tunda har yanzu kokawa kake da baƙaƙe. Baba, don girman Allah kada ka tsallake wuraren soyayya, na san halinka.

Wayyo Ansel! Tun ranar taron nan nake yawo kamar kazar da shaho ya ɗauke wa ɗa. In na ga hayaƙi ta wajen fadama sai in ce naka ne. In kare ya yi haushi sai in fito in leƙa hanya. Wane irin so ne wannan, da ya mai da ni mai gadin hanya ba albashi?

Ka tuna safiyar? Ganga da sarewa a gaba, mu a baya tuli, za mu dandalin kotu mu ji ɗan takararmu. Kai kuma ka rataya sabbin takalmanka a wuya, kana taka ƙasa da ƙafa don kada su tsufa kafin gari. Da muka kai bakin gari ka zauna sawa, suka ce atafau ba su san ka ba. Ina dariya har da hawaye, kana ta gumi kana cewa ƙafar mai ƙuri'a ce, dole ta kumbura. A ranar na san na mutu a kanka. Jerin ya wuce ya bar mu a gindin bishiya, shi ya sa ba mu gaba lokacin da fararen fatan gari suka yi mana maraba. Maraba kuwa ta girma! Ta tagogin kantuna, ta saman kotu, ta bayan keken doki, kowa da bindigarsa. Wa ya ce ba su iya karɓar baƙi ba?

Na tsinci jaridarsu a gidan da nake wanki. Wai baƙar fata ne suka tayar da tarzoma. Ƙwarai kuwa! Mu ne muka far wa harsasansu da gadon bayanmu. Tsoho Cudjo ma, wanda muka binne washegari, ai shi ya fi kowa laifi: ya shigo musu gari da mugun makami, sarewar kara. Kai kuma, gwanina, kowa na gudu waje kai ka ruga ciki, ka saɓo Wiley ɗan Inna Dilsey a kafaɗa, duk dandalin ya ga fuskarka. Wiley yana nan da rai, har ya fara raina miya. Su kuwa suna ta zagaye a kan dawakai suna cigiyarka, wai gaisawa kawai suke so ku yi.

Tsohon ubangidanmu ma ya aiko, bawan Allah mai tausayi. Ya ce duk wanda ya karɓi takardar ƙuri'ar jam'iyyarsa daga hannunsa ya jefa, ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba. Ka ji mutumin da ya sayar da uwata ina goye, yau shi ne lafiyarmu ta hana barci!

To yanzu ga abin da ya sa na ɓata kananzir. Ka san mu matan coci ba mu da ƙuri'a, baki da tukunya kawai muka mallaka. Shi ya sa muka tsaya gaban bagade muka rantse: namijin da ya jefa takardar ubangida, ko ya ɓuya ranar zaɓe, ba mai aurensa, ba mai ɗora masa tukunya. Sai ga Baba Prince ya ce mini wai za ka fito zaɓe ranar Talata, wai don ni Viney na rantse. Iye! Yau ka fara jin maganata? Na ce ka bar taunar taba, ka bari? Na ce ka sayi takalmi daidai ƙafarka, ka saya? Sai wadda za ta kai ka kabari ce ta shiga kunnenka?

Saurara da kyau, hasken idona. Na sauke maka wannan rantsuwa. Ka jefa, kada ka jefa, ni taka ce. Na san Inna Dilsey za ta janye zaninta in na zauna kusa da ita a coci, matan za su yi da ni har bakinsu ya gaji. Su yi! Wace ce a cikinsu za ta ɗumama mini ɗaki in sanyi ya shigo? Na fi son miji mai cizon sauro a kan jarumin da za a yi wa waƙa a maƙabarta. Ka zauna a fadamarka, ka yi ƙiba, na roƙe ka.

Amma na san wanda nake so. Na san yanzu haka kana sosa ƙeya kana kallon Baba, kana cewa ai ba don Viney kaɗai ba ne. To in don kanka za ka fito, don Cudjo, don kada 'ya'yanmu su tashi suna karɓar takarda daga hannun wani, ba zan riƙe maka riga ba. Sai dai kada ka bi babbar hanya. Ka biyo ta bayan coci. Matan sun shirya za su sa mazan a tsakiya, mu kewaye ku har bakin akwati. Na riga na kama wurina, gabanka daf. Kada ka soma yi mini musu, ka san na fi ka faɗi.

Taka a fadama, taka a dandali, taka har ranar da za a rufe ni da ƙasar Georgia,

Viney