Gayyar Bonaberi

New Bell, Douala
18 ga Satumba, 1994

Zuwa ga ƙanena Abdulsalami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta jini, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka a Kano. Mu ma nan muna lafiya gwargwadon yadda zamani ya bari. Matata Hawwa, wadda kake kira matarka don tsokana, tana fama da gwiwa kamar kullum in damina ta yi nisa. Ni kuma idona na hagu ya fara hazo, shi ya sa za ka ga rubutun ya karkace. Fauziya, 'yar ɗana marigayi Bashir, tana nan wurinmu, ta shiga aji huɗu a lekol, wato makarantar boko.

In gaya maka gaskiya, ban so in rubuto maka ba. Bara na aiko maka da saƙo ta hannun masu goro, na roƙe ka ka ara mini ɗanka Mukhtar na ɗan lokaci, tunda kafinta ne. Ba ka amsa ba. Amma maganar da ka yi a bakin shagonka ta iso ni, don magana ba ta neman fasfo. Ka ce Yaya ya tsufa ya koma wasan yara. Ba yau ka fara ba. Tun ranar da Baba ya kai ni lekol ya bar ka a rumfarsa kake kirana Musye kamar wani Bafaranshe, kana yi wa gajeren wandona dariya. Na haɗiye wannan shekara da shekaru, ban taɓa tanka maka ba. Yau na rubuto ne don ka ji ƙarshen wasan yaran daga bakina, kafin masu goro su kawo maka shi da gishiri.

Kai ba ka taɓa ganin koloni ba. Ni na gani sau ɗaya ina yaro, lokacin da lekol ta kwashe mu zuwa wajen Nkongsamba a babban hutu. Wuri ne da ake tara yara su yi hutunsu tare, su ci, su yi wasa, su koyi abin hannu. A can na fara kwana a gado ni kaɗai. Abin bai bar zuciyata ba har na yi furfura. Ka san kuma babban hutun nan daidai yake faɗawa da tsakiyar ruwa. A watan bakwai da na takwas New Bell tafki take zama, lambatu ya cika ya shigo ɗaki, yara su yini cikin ruwan ƙazanta, waɗanda suka ɗan tasa a ɗora musu farantin talla a tura su Ndokoti su riƙa ratsa motoci. Da matsin nan ya shigo, wanda muke kira kiris, aka zaftare albashi, aka sallami mutane, makarantar da nake koyarwa ta rufe ƙofa. Na zauna a gida ba aikin fari ba na baƙi, sai na ce bari in yi abin nan kafin in mutu.

Alhaji Ɗantani mai shanu, ka san shi, ɗan gidan da ke bayan namu, shi ya ba da fili. Tudu ne a Bonaberi, gaba da Grand Hangar, inda ruwa ba ya kwana. Ya ce ya bayar don Allah, a yi wa yaran unguwa. Na tashi bayan sallar Juma'a na kira gayya, kuma wallahi, Abdulsalami, ban taɓa ganin mutanenmu sun amsa kira kamar haka ba. Kiris ɗin da ta raba su da aiki ita ta ba mu hannuwansu. Mudi, wanda aka sallama daga aikin tashar jirgin ruwa, shi ya zama shugaban kafintocinmu. Sali, wani Bafulatanin Garwa da ya rasa tuƙinsa, yana aro mota yana kwaso mana ɓallin katako daga wurin masu yankan itace. Sabo, cikin 'yan kasuwar nan da suka zo daga wajenku kwanan baya, ya kawo samarinsa suna haƙa suna dako. Wani ya kawo tsohon kwano, wani ƙusa a leda. Mata suna dafa shinkafa da wake a New Bell, a ɗaure tukwane a ƙetara gada da su. Ko da azumi ya shigo ba a daina ba, sai dai a tashi da wuri.

Da ka ga Mudi a kan rufi yana waƙa yana zagin Sali wai Bafulatani bai san kan guduma ba sai kan sanda, Sali yana ce masa shi dai Bahaushe ya iya surutu. Ni suna kirana Metir, wato malamin lekol, suna ce mini in koma inuwa kar in fasa tabarau. Kafin ruwa ya sauko mun tsayar da dogayen ɗakuna biyu na katako, ɗaya na maza ɗaya na mata, da babbar rumfar cin abinci, da makewayi, muka share filin ƙwallo. Mudi ya ƙera gadaje daidai tsawon yaro, yana gwada su da jikokin mutane. Ranar da aka buga kwano na ƙarshe na koma bayan ɗaki na yi hawaye, ban bari kowa ya gani ba.

Ana saura kaɗan Babbar Sallah mai gidan da Mudi ke haya ya fitar masa da kaya. Mata ɗaya, 'ya'ya biyar, da tsohuwarsa. Mudi ya zo ya durƙusa gaban Alhaji Ɗantani ya roƙi kusurwa ɗaya a ɗakin maza, zuwa bayan Sallah. Aka tara dattawa a ƙofar masallaci. Ni na ce a raba iyalinsa a gidajenmu, ni ma zan ɗauki tsohuwar da yara biyu, amma kar a buɗe ƙofar can, don in an buɗe ba za ta rufu ba. Alhaji Ɗantani ya ce ubansa da namu uban haka suka sauka a garin nan, ba wanda ya tambaye su ranar tashi, kuma shi bai ga yadda za a bar ɗaki a rufe ba alhali wanda ya rufa shi yana kwana a ruwa. Wani dattijo ya ƙara da cewa Metir ya yi karatun Faransa har ya manta yadda ake saukar baƙo. Aka yi dariya, aka shafa fatiha, aka tashi.

Ka san halinmu. Wanda aka saukar jiya, yau shi ne mai masauki. Sali ya rasa ɗakinsa, bai zo wurin dattawa ba, wurin Mudi ya je, Mudi kuwa da wane baki zai hana? Sabo ya ga samarinsa suna kwana a kan kayansu a kasuwa tun da kuɗi ya faɗi, ya ce ai su ma guminsu na cikin ginin nan. Gaskiya ne kuwa, yana ciki. Kowa ya zo sai ya nuna katakon da ya ɗauka da kansa. Aka yanyanka dogayen ɗakunan da buhu da tabarma. Na ga ƙaton mutum kwance a gadon yaro, ƙafafunsa na reto. Daga baya suka gaji da naɗewa, suka ɓaɓɓalle gadajen suka yi bango da su. Filin ƙwallo aka shuka masa rogo da masara. Duk da haka ban fid da rai ba. Ina ce wa kaina in rumfar cin abinci na nan, ko da rana ne sai a riƙa kawo yaran su yini su koma.

Wata Lahadi na je na tarar an share rumfar, an shimfiɗa tabarmi, an jera butoci a bakin ƙofa, an fitar da ɗan lungu ta gabas. Sun ce masallacin unguwar ya yi musu nisa cikin ruwa, sai suka fara jam'i a nan. Lokacin la'asar ya yi, wani saurayin Sabo ya kira salla. Me zan yi? Na yi alwala na shiga sahu. Har gaba suka tura ni, wai ni ne babba. Na ja su salla, Abdulsalami, ni da kaina, a inda na tsara tebur ɗin yara zai zauna. Da na sallame na san magana ta ƙare. Wane Musulmi ne zai buɗe baki ya ce a naɗe tabarmin masallaci don yara su ci shinkafa su yi waƙa? Ko Alhaji Ɗantani da na je masa, cewa ya yi shi don Allah ya bayar, ga shi kuwa Allah ya karɓa ta inda ya so.

Da aka ba da hutu, Fauziya ta haɗa kayanta a jakar lekol, har da sabon soso da Hawwa ta saya mata. Kullum sai ta tambaye ni yaushe za a tafi. Sai na ɗauke ta muka je tare, ina tunanin ko ganinta zai motsa su. Mudi ya tarbe mu da murna, ya shimfiɗa mini tabarmar baƙi, matarsa ta kawo ruwa da abinci. Na ce masa Sallah ta wuce tuni, ga hutu ya zo. Sai ya ce, "Metir, ka nuna mini inda zan kai su, wallahi yau zan tashi. Amma in babu, kar ka sa in yi maka ƙarya." Na duba fuskarsa, ya rame, ba Mudin kan rufi ba ne. Fauziya kuwa ta leƙa ɗakin mata, ta dawo ta tambaye ni a hankali ko gidan mutane muka zo. Na ce mata e. Ba ta sauke jakarta daga baya ba har muka dawo New Bell.

Hawwa ta ce in daina cin raina. Ta ce yara nawa ne yanzu ke kwana a bushe a can, 'ya'yan Mudi da na Sali da na sauran, ko su ba yara ba ne? Na san tana da gaskiya, kuma wannan ne ya fi ƙona ni. Da ɓarawo ne ya ƙwace wurin, da na san wanda zan tsine wa. Da hukuma ce ta rushe, da na ce zalunci. Amma mutanen da suka cinye shi su ne suka gina shi, ba su yi wa kowa ƙarya ba, kuma duk abin da suka yi, abin da iyayenmu suka koya mana ne. In mun haɗu a Juma'a sai sun sunkuya sun gaishe ni, ni kuma in amsa. Na ji har sun sa wa wurin suna, wai Zangon Metir. Masu taksin Bonaberi ma sun san shi. An ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, mu kuwa yunwa ta yi yawa a garin nan, ɗan man da na kawo bai kai ko'ina ba.

Ban ce da ka aiko Mukhtar da abin ya canza ba. Da ya ƙara kyau ne kawai, su sami ɗakunan da ba sa yoyo. Ba na neman komai a wurinka, ko amsa. In ka ga dama ka yi dariya, wannan karon ba zan ji haushi ba, ƙarfin jin haushin ma ya ƙare.

Ka gaishe mini da uwargidanka Mairo, ka ce mata Hawwa na tambayar kuka da daddawar da ta yi mata alkawari. Ka gaida Mukhtar da iyalinsa, da Bala, da Nana Hadiza mai sunan Inna, Allah ya yi musu albarka. In ka je wurin Kawu Muhammad Auwal ka ce masa ina neman addu'a. Hawwa da Fauziya suna gaishe ku duka.

An koma lekol makon jiya. Ruwa bai ɗauke ba tukuna. Yaran New Bell sun yi hutunsu a inda suka saba yi, ko ɗaya bai ƙetara gada ba. Koloni dai babu, kuma ni ba ni da sauran ƙarfin kiran wata gayya.

Wassalam.

Yayanka,
Mahmudu